Mura mai tsanani da korona: kurakuranmu kan rukunin jini, tsufa da fumfuna

Tun zamanin korona ake jin masu cewa, "Ni jinina O ne, ba abin da zai same ni." Maganar tana da asali. A 2020 an binciki masu fama da korona kusan 2,000 a Italiya da Sifaniya, aka ga masu rukunin A sun fi faɗawa matsalar numfashi, masu O kuwa abin ya ɗan zo musu da sauƙi. Sai dai binciken da aka yi daga baya bai zo da sakamako iri ɗaya ba. Ba likitan da zai sallami mai haki don jininsa O ne, kai ma kada ka sallami kanka.

Shekaru ne suka fi yin tasiri, kuma su muka fi rainawa. A Amurka, a shekarar farko ta annobar, kusan 8 cikin 10 na waɗanda suka rasu sun kai shekara 65 ko fiye. Kuskurenmu shi ne jiran zazzaɓi, alhali jikin tsoho sau da yawa ba ya yin zafi. Sai ka ga Baba ya ture kwanon tuwo, ya koma yin salla a zaune, yana kiran jikansa da sunan wani, a ce ai tsufa ne. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ya doshi 30, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, a kai shi asibiti a ranar.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sayen deksa, wato deksametason, maganin rage kumburi, a kemis. Gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna deksametason yana rage mace-mace, amma ga waɗanda aka riga aka sa wa iskar oksijin. Mai mura a gida ba ya amfana da shi. Sai ma ya karya masa garkuwar jiki, ya ɗaga masa suga, ya buɗe wa fumfuna ƙofa. Indiya ta ga haka a 2021: sama da mutum 40,000 suka kamu da cutar da aka laƙaba wa "baƙar fumfuna", akasarinsu masu ciwon suga da aka ba irin wannan magani. Wasu sai da aka cire musu ido kafin aka ceto ransu. Duk mai suga da ya tashi daga jinya ya ga gefe ɗaya na fuskarsa ya kumbura yana ciwo, ko baƙin ɓawo a hanci ko a ganɗa, kada ya kwana a gida.

Akwai kuma asfajilas, fumfunar da ke rayuwa a ƙasa da ruɓaɓɓen hatsi. A wani bincike na Beljiyam da Holan a 2018, kusan 1 cikin 5 na masu murar fulu da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman an same ta a huhunsu. Maganin bakteriya ba ya taɓa ta, don haka in an yi ta canza allura zazzaɓi da tari ba su lafa ba, a tambayi likita ko za a yi gwajin fumfuna. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya faɗa tun farko, domin wannan fumfunar tana son zama a ramukan da tarin ya bari a huhu.