Gano Musabbabin Ƙara a Gidan Boris na Fedar Keke

Kafin ka ɗauko sifana, miƙe tsaye kana tuƙi. In ƙarar ta ɗauke, sirdi ne, ba boris ba.

In tana nan, sauke sarƙa, ka riƙe hannun feda ka jijjiga shi ciki da waje. Hannu ɗaya ne ke motsi? Notinsa ya saki, ɗaure shi maza kafin ramin hannun ya buɗe. In duka biyun suna lilo tare, boris ya saki ko ya ci.

Juya hannun feda a hankali, tafin hannunka kan firam. Gurza kamar yashi na nufin ruwa ya wanke giris. A buɗe, a goge, a duba ƙwayoyin ko sun yi rami. Rufaffen boris kuwa ba ya gyaruwa, sai canji.

Lura: a yawancin kekuna, murfin gidan boris na ɓangaren sarƙa dama ake murɗa shi ya kwance.