Yadda nake auna aikin mai binciken gashin ciwon daji

Ƙanena da ke neman gurbin digiri na uku ya turo mini sunayen farfesoshi uku, wai in zaɓa masa wanda ya fi nauyi. Ya riga ya jera su bisa yawan ambaton takardunsu a rubutun wasu masana, kamar yadda shafin Google Scholar ya nuna. Na ce masa ya ajiye wannan lissafin tukuna. Ga hanyar da nake bi, zan kuma yi misali da John Yarnold, mai binciken gashi (wato ƙona ciwon daji da haske mai ƙarfi) na Cibiyar Binciken Ciwon Daji da ke Landan, don aikinsa na fi bibiya.

Ka buɗe PubMed, rumbun takardun binciken likitanci a intanet, ka sa sunan mutumin, ka jera takardunsa daga tsohuwa zuwa sabuwa. Kada ka karanta su tukuna, kanun kawai za ka bi. Abin da kake nema shi ne tambayar da ya riƙe shekara da shekaru bai sake ta ba. Wanda yau yana kan huhu, gobe mafitsara, jibi ƙwaƙwalwa, sau da yawa sa sunansa ake yi a aikin wasu. Ka lura da gurbin sunan ma: a al'adar likitanci na farko shi ya ɗauki wahalar aikin, na ƙarshe shi ne jagora.

Tambayar Yarnold ba ta da wuyar faɗa: dole ne sai an yi wa mace gashi sau 25 bayan tiyatar nono? A da haka ake yi, girei 50 (girei shi ne ma'aunin yawan gashin) cikin mako biyar. Gwaje-gwajen START da ya jagoranta sun ɗauki mata 4,451 a Birtaniya daga 1999 zuwa 2002. Sakamako ya fito a 2008, na shekara goma kuma a 2013: girei 40 a zama 15, wato mako uku, bai gaza tsohon tsarin ba wajen hana ciwon dawowa, illarsa ga nonon ma ta fi sauƙi. Ba su tsaya nan ba. Gwajin FAST-Forward, mai mutum 4,110, ya gwada girei 26 a zama biyar cikin mako guda. Ya fito a mujallar Lancet a 2020, da sunan Murray Brunt a gaba, daidai lokacin korona da asibitoci ke neman rage zirga-zirgar marasa lafiya, nan da nan aka rungume shi.

Daga nan sai ka bar mujallu ka leƙa ƙa'idojin jinya. A ganina nan ne ake gane mai tasiri. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ɗauki tsarin zama 15 a 2009. Idan ka tarar aikin mutum ya canza abin da likita ke rubutawa a katin mara lafiya, ka sami amsarka.

Wannan ba labarin takarda ba ne a wurina. Gwaggona ta yi mako biyar a garin da ba ta san kowa ba, tana kwana a gidan mutane saboda gashi, injin kuma ya lalace a tsakiya aka ƙara mata kwanaki. Inda injuna suka yi ƙaranci kamar wajenmu, rage zama daga 25 zuwa 15 na nufin layi ya motsa, kuɗin mota da na abinci su ragu.

Sai dai ka karanta sashen da ke bayyana waɗanda aka sa a gwajin. Matan START ciwonsu bai yi nisa ba, namu kuwa da yawa sai abu ya ci jiki suke zuwa asibiti. Mai bincike na kirki da kansa yake faɗin iyakar sakamakonsa. Wanda bai faɗa ba, ka yi hattara da shi.

Yanzu ka iya komawa kan lambobi. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, ma'anarsa ita ce mai 40 yana da takardu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Yana da amfani, amma yana fifita mai yawan rubutu. Gwajin da ake jiran sakamakonsa shekara goma ba ya haifar da takardu da yawa, kuma bai dace a gwada likita da masanin fiziya da ma'auni ɗaya ba.

Abu na ƙarshe da na sa ƙanena ya yi shi ne duba sunayen da ke maimaituwa kusa da na farfesan. A takardun Yarnold za ka yi ta cin karo da Judith Bliss da Joanne Haviland, masanan ƙididdiga, Haviland ce ma a gaba a rahoton 2013. Na ce masa ya nemo ɗalibai biyu da suka gama a hannun kowane farfesa, ya ga ko sunansu ya taɓa zuwa farko, sannan ya aika musu da imel ya tambaye su sau nawa suke ganin malamin a wata.