Yadda za ka rufe aikin gyara a wayarka kafin ka bar gidan mai kaya

Manhajojin kula da ayyukan gyara, irin su Odoo, yanzu suna ba ma'aikaci damar kammala lissafi a wurin aiki, ba sai ya koma shago da takarda a aljihu ba. A ce an kira ka gyaran inbata.

Da isarka, buɗe aikin ka kunna agogon manhajar mai ƙirga lokacin aiki.

Sai hoto, tun kafin ka taɓa komai. Ɗauki lambar da ke jikin na'urar, da wayar lantarkin da ta ƙone, da kan batirin da ya yi tsatsa. Matso sosai har lambar ta karantu. Wannan matakin masu gyara kan tsallake shi don sauri, alhali shi ke kashe gardama ranar da mai gida zai ce ai da ba haka take ba.

Idan ka gama gyara, shigar da kayan da ka sa, ko da fiyus ɗaya ne. Zaɓo su daga jerin kayan shago, kada ka rubuta da hannu, domin ta haka ne za a cire su daga lissafin ajiya, kuɗinsu kuma ya hau takardar biya.

Tsayar da agogo. Miƙa wa mai gida wayar ya karanta rahoton da kansa, ya sa hannu da yatsa, ka tura masa kwafi. Daga nan sai ka danna kammalawa. In sabis na rawa a unguwar, leƙa ka tabbata rahoton ya tafi kafin ka hau babur.