Yadda na gyara bushewar akwatin mesata a hunturu

Tun da hunturu ya kama a ƙauyenmu kusa da Ringim, 'yar mesar da nake kiwo ta kasa yin saɓa yadda ya kamata. Fatar tana fita guntu-guntu, har ta maƙale mata a ido. Na'urar auna laima ba ta wuce kashi 25, alhali wannan nau'i yana son wajen 60.

Da farko na riƙa fesa ruwa safe da yamma. Kafin awa guda ya bushe. Na jiƙa shimfiɗar sharkaf, sai na daina, don kwanciya cikin jiƙa yana ruɓar da fatar ciki.

Ashe murfin ne, ragar waya ce, iska na kwashe danshin. Na rufe kashi uku cikin huɗu da leda mai kauri, na bar sauran don numfashi. Na sa faffaɗan kaskon ruwa a ɓangaren da ya fi ɗumi. Sannan na kifa ƙwarya mai ƙofa a kan ɓawon kwakwa da na jiƙa na matse sosai, ina sake jiƙawa duk kwana biyu.

Washegari laima ta kai 62. Saɓar da ta biyo baya ta fito ɗungurungum, alhamdulillahi.