Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa manyan duwatsun wuya da yumɓun roba

Cikin matan Jos da suka rungumi sana'ar haɗa sarƙa da 'yan kunne, akwai waɗanda suka koma amfani da yumɓun roba, wanda ake shigowa da shi da sunaye irin su Fimo na kamfanin Staedtler da ke Jamus, da Premo da Sculpey na Amurka. Sunansa ne kawai yumɓu, domin ba ƙasar ginin tukwane ba ce: garin roba ne irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka cuɗa shi da wani mai da ke sa shi laushi, kuma ba ya bushewa a iska sai an gasa shi. Wadda hannunta ya faɗa a ƙananan tsakiya takan ɗauka cewa babban dutse ba wani abu ba ne illa a ƙara yumɓu a mulmula, alhali kuwa kauri yana sauya nauyi, yana sauya yadda zafi ke ratsawa, yana kuma fito da duk wani aibin da ƙaramin dutse ke ɓoyewa.

Kuskuren yana somawa tun daga murza. Yumɓun da aka ciro daga leda sai an murza shi an naɗe an sake murzawa har ya zama ana iya lanƙwasa shi bai tsage a baki ba. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Jos ke hana mutum taɓa ruwa da asuba, yumɓun yakan yi tauri kamar sabulu, sai mai aiki ta gaji ta bar shi rabi da rabi, ko kuma ta ɗora shi kusa da murhu don ya saki. Na biyun ya fi muni, saboda zafin yana soma gasa shi, kuma abin da ya soma gasuwa ba ya komawa. Ɗumin jiki ya isa: a sa ƙunshin a aljihu na ɗan lokaci, a yayyanka shi ƙanana, idan yana marmashewa a ɗiga masa man jarirai ɗigo ɗaya ko biyu. Injin murza taliya yana rage wahalar ƙwarai, da sharaɗin cewa injin da ya taɓa yumɓu ba zai koma kicin ba, kuma a riƙa sa gefen da aka naɗe ya fara shiga injin don iska ta fice ta sama.

Sai batun cika dutsen da yumɓu zalla. Dutse mai faɗin santimita 3 yana cin kusan sulusin ƙunshi mai giram 57, wato sarƙa mai duwatsu goma za ta lashe ƙunshi uku da ɗoriya, ta kuma yi wa wuya nauyin da babu macen da za ta jure shi daga kamu zuwa ƙarshen walima. Ga tsada, ga nauyi, ga tsagewa. Maganin shi ne a yi masa ciki da takardar alminiyam, a dunƙule ta tamau, a murza ta a kan tebur har ta yi sumul, a huda ta da basilla tun kafin a rufe ta, sannan a lulluɓe da yumɓu mai kaurin kamar milimita 3. Idan dunƙulen ya yi sako-sako, iskar da ke ciki za ta kumbura a wuta ta fasa bayan dutsen. Ni na fi son a fara rufe shi da ragowar yumɓun da launukansa suka cakuɗe, a gasa wannan, ya huce, sannan a ɗora na adon a sake gasawa, tunda maimaita gashi ba ya ɓata yumɓun roba. Farar kumfar nan da ake cusawa a kwalin talabijin kuwa, duk da rashin nauyinta, kada a yi ciki da ita, domin man yumɓun yana cin ta kuma wuta tana narkar da ita.

Inda aka fi tafka asara shi ne gashi, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Kowane kamfani da zafin da ya rubuta a ledarsa: Fimo digiri 110 a ma'aunin Selshiyos na minti 30, Premo kuwa digiri 135 na minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Mutane da yawa suna karanta mintunan su manta da kaurin, sai su ciro dutsen bayansa ya gasu cikinsa ɗanye. Irin wannan dutse yana fita da kyau a ido, a sayar da shi, bayan 'yan makonni ya tsage ko ya dare daga bakin rami a hannun wadda ta saya. Tsawaita lokaci a kan zafin da ya dace ba ya ƙona yumɓu, abin da ke ƙona shi shi ne zafin ya haura, kuma idan ya ƙone yakan fitar da hayaƙi mai yaji wanda dole a buɗe tagogi a fice har ya wuce. Saboda tsoron ƙonewar ne wasu ke rage wuta, wanda hakan kuma yake ba su dutse mai karyewa kamar biskit.

Lambar da ke jikin maɓallin obin ba abin dogaro ba ce, musamman ƙananan obin na kan tebur waɗanda ƙarfen wutarsu ke kusa da faranti, yana yin ja ya mutu, ya sake yin ja. Ma'aunin zafi na cikin obin kuɗinsa bai kai na yumɓun da yake cetowa ba. A kunna obin ya kai zafin da ake so kafin a saka komai, a shimfiɗa tayil a ƙasa don ya riƙe zafin, a kuma kifa faranti ko takardar alminiyam a kan duwatsun yadda ba za ta taɓa su ba, musamman fari da ruwan hoda masu saurin yin duhu. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, abin da ba baƙo ba ne a gare mu, babu abin da ya lalace. In ta dawo a sake lissafa lokacin daga farko. Na taɓa gwada dabarar iyayenmu ta gashin kek a tukunya da yashi a ƙasa, na ciro duwatsu shida, uku sun ƙone a gindi, uku ba su gasu ba, don haka ba na ba kowa shawararta sai da ma'auni a cikin tukunyar. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ba ta cikin lissafi sam. Hanyar tabbatar da gashi ita ce a saka siririn yankin yumɓu tare da duwatsun, bayan ya huce sarai a lanƙwasa shi: na Premo ko Fimo da ya gasu yakan lanƙwasu ya dawo, wanda bai gasu ba yakan karye nan take. Kada a yi hukunci da zafinsa, domin duk yumɓun roba yana da laushi kafin ya huce.

Dutsen da aka ajiye a kan faranti ko tayil kai tsaye yakan fito da gefe guda a baje yana ƙyalli. A binne shi rabi cikin garin sitaci na masara, ko a jera shi a kwarin takarda mai kauri da aka naɗe kamar mafici, takardar ba ta kama wuta a wannan zafin muddin ba ta taɓa ƙarfen obin ba.

Huda ma tana da nata. Idan aka soka tsinke da ƙarfi nan take bayan mulmulawa, dutsen yana da ɗumin hannu, sai ya lotse ya koma kamar ƙwai. A bar shi ya huta, ko a sa shi a firji na minti 15, sannan a shigar da basilla ana juya ta a hankali, in tsininta ya leƙo a ɗaya gefen a zare a sake shiga ta can. Ƙaramin rami ya isa a wannan mataki, ana iya faɗaɗa shi da bakin dirila a hannu bayan gashi. A kuma tuna cewa babban dutse yana bukatar igiya mai ƙwari ko waya, kuma bakin rami mai kaifi yana cin zare.

Ƙurar hunturu da zanen yatsu su ne ke tona asirin aikin gaggawa. A fara da launuka masu haske kafin masu duhu, a goge hannu da tebur tsakanin launi da launi, a shafa ɗan garin sitaci a yatsu kafin mulmulawar ƙarshe. Abin da ya rage a goge shi da sanfefa irin ta ruwa, dutsen yana cikin ruwa, daga lamba 400 zuwa 600 da 800 da 1000, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, sannan a murza shi da tsumman wandon jins har ya yi sheƙi. Masu neman ƙyalli cikin sauri sukan shafa man farce ko su fesa fentin gwangwani, kuma sau da yawa waɗannan sukan yi danƙo bayan wani lokaci su riƙa kama ƙura da zaren mayafi. Fanis, wato man ƙyalli, irin wanda aka haɗa da ruwa, a shafa siriri sau biyu, ya fi aminci.

Masu kai kaya ko sayo yumɓu daga Abuja su kula da zafin mota. Ɗanyen yumɓun da aka bari a mota a rufe cikin ranar Maris ko Afrilu a bakin kasuwar Wuse yana iya soma gasuwa tun a ledarsa. A gida kuma a naɗe ragowar a leda mai zif, a ajiye a wuri mai sanyi nesa da taga, kada a bar shi a kan fentin katako ko cikin robar nan mai tauri mai kama da gilashi, domin yana narka samansu ya manne.