Kalmar bow ta Turanci: harufa uku, furuci biyu, da kurakuran da muke ta tafkawa a kanta

Duk lokacin da Majalisar Dattawa ta zauna tantance ministoci sai maganar nan ta dawo, wato take a bow and go, a 2019 an yi ta jin ta lokacin Ahmad Lawan, a 2023 ma haka ƙarƙashin Akpabio, tsohon sanata ko tsohon ɗan majalisa ya shigo a ce masa ya rusuna ya wuce ba tare da an tsare shi da tambayoyi ba. To a irin wannan lokacin ne kunnena ke shan wahala, don za ka ji mutum mai ilimi sosai, wani ma a rediyo yake sharhi, yana cewa an ce wa wane ya yi "tek e bo". Ba bo ba ne. Idan ka ce bo, ka ce ne a miƙa wa mutumin baka irin na maharba ya ɗauka ya fita da shi daga zauren majalisa.

Na daɗe ina koyar da yara Turanci a lesin ɗin yamma, kuma wallahi wannan ƙaramar kalma tana cikin waɗanda suka fi kayar da ɗalibai, shi ya sa nake so mu zauna a kanta yau.

Asalin matsalar ita ce muna ɗauka kalma ɗaya ce mai ma'ana da yawa. A'a, kalmomi ne daban-daban da suka haɗu a rubutu ɗaya, kuma furucinsu biyu ne. Akwai wadda ake faɗa bo, a ɗan ja ta kamar yadda kake cewa zo ko so, ita ce ke tafiya da go da low. Akwai kuma wadda ake faɗa bau, kamar yau ko sau, ita ce 'yar ɗakin now da cow. Mu Hausawa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba, tunda a rubutu gari na zama da garin tuwo ba su da bambanci, haka kukan yaro da kukar miya. Kai hatta baka ɗin kanta, akwai baka na harbi akwai kuma baka na jarrabawar baka, ba wanda ya taɓa rikicewa saboda jimla ce ke gaya maka wanne ake nufi. To haka Bature yake yi da tasa.

Bo ita ce abu, abin da yake a lanƙwashe. Baka na harbi shi ne uban gidan, bow and arrow, kuma a nan akwai wani kuskuren fassara da nake yawan gani, yaro ya san muna cewa kwari da baka sai ya ɗauka arrow shi ne kwari. Arrow kibiya ce, kwari kuwa jakar da ake zuba kibau ce, sunanta quiver a Turanci. Mu mun haɗa baka da jakarsa, su sun haɗa shi da kibiyarsa, kowa da yadda bakinsa ya saba. Daga wannan bakan ne sauran suka fito. Sandar da ake goga wa violin, irin wadda mai goge yake riƙewa da hannun dama, bo ce. Ƙullin igiyar takalmi mai kunnuwa biyu, ko ribon da ake ɗaura wa yarinya a kai ko a jikin kwalin kyauta, bo ne. Ɗan abin nan mai kama da malam-buɗe-littafi da angwaye da masu hidima a otal ke maƙalawa a wuya, bow tie, bo tai ake cewa. Mutumin da ƙafafunsa suka lanƙwashe waje, bow-legged, shi ma bo.

Wanda ya fi burge ni shi ne rainbow, don a nan mu da su tunaninmu ya zo ɗaya, su sun ce bakan ruwan sama mu mun ce bakan gizo, duk baka muka hango a sararin sama. Ina gaya wa ɗalibaina cewa duk wanda ya iya faɗin rainbow da elbow daidai to ya riga ya iya rabin darasin, ba wanda ke cewa "renbau" ko "elbau", kuma elbow ɗin ma asalinsa lanƙwasar hannu ke nan. Sannan waɗanda suka yi jogirafi a sakandare za su tuna oxbow lake, tafkin da ke samuwa idan kogi ya yi gwiwa sosai har ruwa ya yanke hanya ya bar lanƙwasar a gefe. An samo sunan ne daga lanƙwasasshen icen da ake zagaya wa wuyan sa a jikin karkiya. Oksbo ne, amma na sha jin ana koya wa yara "oksbau" su kuma su haddace shi haka har su girma.

Bau kuwa aiki ne, sunkuyar da kai ko rusunawa. Lauya in ya shiga kotu ya rusuna wa alƙali, bau ya yi. Mutanen Japan da ke gaisawa da sunkuyawa, bau. Littattafan addini na Turanci in za su fassara ruku'u bowing suke rubutawa, a karanta shi bawin. Ɗan wasa ya gama wasa a dandamali ana tafi ya fito ya rusuna wa 'yan kallo, wannan shi ne asalin take a bow da sanatocinmu suka ara.

Akwai ranar da na je bikin raba kyaututtuka a wata makaranta, wani yaro ɗan aji biyar ya gama karanta jawabinsa da Turanci tas ba tuntuɓe, iyaye na ta tafi, sai mai gabatarwa ya ɗaga makirfo ya ce masa "tek e bo". Yaron ya tsaya cak yana waige-waige, ya kalli teburin kyaututtuka ya kalli malamarsa, a zatonsa wani abu aka ce ya ɗauka. Malamar ce daga gefe ta dafa ƙirji ta sunkuyar da kai ta nuna masa, sannan ya gane ya rusuna. Abin ya tsaya mini a rai sosai, don yaron shi ne ya san daidai, a aji an koya masa bau, babba ne ya rikita shi a gaban jama'a.

Sai kuskure na gaba, wanda ya fi damun masu fassara labarai, shi ne ɗaukar bau a matsayin rusunawa ta jiki ko'ina aka gan ta. In jarida ta rubuta cewa gwamnati bowed to pressure, ba durƙusawa ta yi ba, miƙa wuya ta yi, matsin lamba ya sa ta janye. In aka ce ƙungiyar ƙwallo bowed out daga gasa, an fitar da ita ke nan, in kuma babban ma'aikaci ne ko alƙali aka ce he bowed out to ya yi ritaya ne ko ya sauka cikin mutunci. Na taɓa ganin an fassara irin wannan kanun da cewa wai 'yan wasa sun sunkuya a waje, dan Allah me mai karatu zai fahimta a nan?

Yanzu ga wadda ke karya ƙa'idar da na bayar, don kar wani ya ce na ce duk abu bo ne. Goshin jirgin ruwa, wato gabansa mai tsini da ke tsaga ruwa, sunansa bow kuma bau ake faɗa duk da cewa abu ne ba aiki ba. Dalili shi ne ita ba dangin sauran ba ce, daga harsunan masu jiragen ruwa na yankin Holand da arewacin Jamus ta shigo Turanci, inda asalin ma'anarta kafaɗa. 'Yar'uwarta ita ce bough, babban reshen bishiya, rubutu daban amma furuci ɗaya sak, bau. Masu shirin WAEC ku riƙe wannan da kyau, don a takardar Test of Orals irin waɗannan tagwayen ake so a ga ko kun bambance. Bayan jirgin kuma stern ne. Wannan ba dabara a cikinta, haddace ta kawai za ka yi.

Sunayen wurare a Landan kuma bo ne, unguwar Bow da ke gabashin birnin, da Bow Street, da cocin St Mary-le-Bow wanda ake cewa sai an haife ka inda ake jin ƙararrawarsa kafin ka zama cikakken Cockney, wato ɗan asalin gabashin Landan.

Wani wurin da ake zamewa shi ne in an ƙara mata ed. Bowed na rusunawa baud ne, he bowed his head, ya sunkuyar da kai. Amma katako ko shelf da nauyi ya sa ya lanƙwashe a tsakiya, bod za ka ce. Rubutu ɗaya, sai ka duba waye ko mene ne ake magana a kai.

Akwai kuma maƙwabta biyu da ke shigo mata gida, bowl da bowel. Bowl kwano ne, bol, bowel kuwa hanji ne, bawul, shi ya sa likita ke tambayar bowel movement in yana son sanin ko kana samun bayan gida. Na ga an rubuta a bowel of rice a takardar jerin abincin wani gidan cin abinci, harafin e guda ɗaya ya mai da kwanon shinkafa hanjin shinkafa. Wasu kuma su yar da l ɗin gaba ɗaya su rubuta bow of rice.

Yadda nake sa ɗalibaina su gyara shi ne da jimla ɗaya, in rubuta a allo in ce kowa ya tashi ya karanta da ƙarfi: the hunter put down his bow to bow to the king at the bow of the ship. Maharbi ya ajiye bakansa don ya rusuna wa sarki a goshin jirgi. Bo, bau, bau. Karon farko kusan kowa sai ya yi tuntuɓe a ta biyun, sai in ce ya tsaya ya fara faɗa mini da Hausa, baka ne ko rusunawa ko goshin jirgi, in ya amsa sai ya sake karantawa. In kana da waya ma abin ya fi sauƙi, ka buɗe ƙamus na Oxford ko Cambridge a intanet, za ka ga sun raba kalmar gida-gida kowanne da ɗan hoton lasifika a gefensa, ka danna ka saurara ka maimaita sau biyar-biyar da bakinka, ba a zuci ba.