Yadda Nake Haɗa Ƙamshin Mamey a Kwalba

A birnin Miyami na Amurka na fara ganin ɗan itacen da ake kira mamey, a shagon wani ɗan Kuba da ke markaɗa shi da madara da ƙanƙara. Daga waje ba shi da wani fasali, ɓawonsa ruwan ƙasa ne mai kaushi. Sai da mutumin ya kankare shi da farce don ya ga ko ya nuna, na hango ja a ƙarƙashi. Ya tsaga shi biyu, tsokar ta fito jajir kamar dafaffiyar kabewa, ga wani ƙwallo baƙi mai sheƙi a tsakiya. Ɗanɗanonsa dankalin Hausa ne da aka gasa aka zuba wa zuma. Asalin bishiyar daga kudancin Meksiko da Amurka ta Tsakiya take, kuma ɗanta yakan haura shekara a sama kafin a tsinke shi.

Kada ki ɓata kuɗinki neman man da aka tatso daga tsokarsa. Ruwa da sukari ne suka fi yawa a cikinta, don haka masu turare kwaikwayon ƙamshin suke yi da wasu sinadarai. Sannan ki sani mamey iri biyu ne. Akwai na tsibiran Karebiyan mai tsoka rawaya, wanda ake kira Mammea americana, akwai kuma wannan ja ɗin, Pouteria sapota. Ƙamshinsa nake haɗawa.

Ni a wajena ƙwallon ne ya fi tsokar muhimmanci. In aka fasa shi, ƙamshin almon mai ɗaci yake yi, kuma duk wadda ta taɓa daka mahalab don humra za ta gane wannan ƙamshin nan take. A jihar Wahaka ta Meksiko gasa shi suke yi su sa a abin shansu na masara da koko, wato tejate, a Gwatamala kuma ana matse mansa don gyaran gashi. In babu wannan ɗan ɗacin, abin da za ki samu alawar yara ce kawai.

Ki fara da tsinka kowane sinadari a etanol, wato barasar da ake haɗa turare da ita, kashi 1 na sinadari, kashi 9 na etanol, kowanne a kwalbarsa. Daga nan sai ki ƙirga ɗigo. Ga nawa lissafin: sandal ɗigo 10, shi ne shimfiɗa, shi ke ba da laushin madara. Gamma-undekalakton, wanda masu sayarwa suka fi sani da C-14, ɗigo 6 don tsokar. Banilin, mai ƙamshin banila, 5; kumarin, mai ƙamshin busasshiyar ciyawa, 3; beta-ayonon, mai ƙamshin fure, 2. Benzaldihaid, mai wakiltar ƙwallon, ɗigo 2. Etil maltol, mai ƙamshin sukari, 1, man kirfa 1.

Waɗannan na ƙarshen su ne masu rigima. Karona na farko na zuba etil maltol ɗigo huɗu don ina son zaƙi, ɗakin gaba ɗaya ya koma kamar an ƙona sukari a tukunya, kwana biyu ina jinsa a labule. Kirfa kuma tana iya sa fata ƙaiƙayi, shi ya sa ban taɓa wuce ɗigo ɗaya ba. Benzaldihaid ba ya shiri da iska. In kin bar murfin a sake, za ki ga farin gari kamar gishiri ya taru a bakin kwalbar, to ya fara lalacewa kenan.

Ki haɗa su duka a kwalba ɗaya, ki girgiza, ki tsoma takardar gwaji, ki shinshina sau uku: nan take, bayan minti goma sha biyar, sai bayan awa biyu. Almon ne zai fara tashi ya kuma fara gudu, kada hakan ya ruɗe ki ki ƙara shi. In bayan awa biyu banila kaɗai kike ji, ki rage banilin ɗigo biyu a zagaye na gaba. Ki rubuta komai a littafi, hanci yana mantuwa.

Sai ki rufe kwalbar ki ajiye ta cikin durowa, nesa da rana, mako uku. Kafin ki fesa a jiki, ki ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu ki bar shi ya kwana. Ni na fi son sa a kan humra mai sandal da yawa, lokacin hunturu, don a zafin bazara zaƙin yana yi mini nauyi.